Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Maganar Ladan Injiniya Da Lamunin Gini A Ƙasar Gobir

Ko wace shekara, idan damina ta yi nisa, watan Agusta ya kama, ruwa ya zauna, sai labari ya fara zuwa daga garuruwan da ke bakin gulbi a ƙasar Sabon Birni da Isa. A ce bango ya faɗi a unguwa kaza, soro ya rufta a gari kaza, ɗakin bulo da aka gama bara ya tsage tun daga harsashi har linta. In Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba, sai maƙwabta su taru su yi jaje, a kwashe ƙasa, mai gida ya shiga neman rancen sake gini. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ya kamata ya biya wannan asara? Mai gida ne, da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru? Ko maginin da ya karɓi lada? Ko kuwa wanda ya zana takardar ginin ya buga mata hatimi?

Wannan ita ce maganar da mu ke so mu tattauna da masu karatu yau. A manyan birane akwai abin da a ke kira inshorar lamunin sana'a, watau yarjejeniyar da injiniya kan yi da kamfanin inshora, domin in ya yi kuskure a aikinsa har wani ya cutu, kamfanin ya biya diyya a madadinsa. Mutanenmu da yawa ba su taɓa jin labarinta ba, waɗanda suka ji kuwa suna tsammani abin masu gina bene mai hawa goma ne. Mu a ganinmu talaka mai ginin ɗaki uku ya fi kowa bukatar ya fahimci wannan al'amari, gama mai dukiya in gini ɗaya ya faɗi yana da wani, shi kuwa talaka gidan nan shi ne iyakar abin da ya mallaka.

Yadda Kakanni Su Ke Yi

Gobirawa ba baƙin gini ba ne. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya mai da Alƙalawa babban birninsa a bakin Gulbin Rima, nan kuma Bawa Jan Gwarzo ya zauna. Bayan da birnin ya faɗi a 1808, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Mutanen da suka tayar da birni bayan birni haka, lalle sun san ƙasa, sun san tubali.

A wancan zamani babu takardar shaida, babu hatimi, babu kamfanin inshora, amma duk da haka akwai lamuni. Gini sana'ar gado ce, yaro kan tashi yana kwaɓa wa ubansa ƙasa, yana miƙa tubali, sai ya shekara da yawa kafin a yarda ya ɗaura azara shi kaɗai. A manyan garuruwan Hausa akwai Sarkin Magina, wanda ke rarraba aiki, ya ke kuma jin ƙara idan aikin wani ya ɓaci. Har yau a Zariya ana tunawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Magini yana zaune gari ɗaya da mai gida, kasuwarsu ɗaya, 'ya'yansu suna wasa tare. In soron da ya ɗaura ya yi yoyo, kunya ma ta isa ta komo da shi ya gyara, in ya ƙi kuwa akwai mai unguwa, akwai hakimi, akwai alƙali. Sunansa shi ne jinginarsa.

Sa'an nan kuma ginin ƙasa ba ya ɓoye ciwonsa. Ko wane mai gida ya san jar ƙasa mai kyau, ya san azarar giginya da gara ba ta cika ci ba, ya san amfanin makuba, ya san in rani ya yi sai a sake yaɓe, a gyara indararo. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In bango zai faɗi ya kan ba da alama tun da wuri.

Abin Da Ya Sake

Yau zamani ya juya. Tun da masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, siminti ya yi ta matsowa kusa da mutane, har ya zama ko wane ɗan kasuwa da ma'aikaci da manomin da ya sami amfani burinsa ya yi gidan bulo da kwano, in da hali ya zuba dekin. Wannan ci gaba ne, ba mu ƙi ba. Amma fa siminti yana da wani hali da ƙasa ba ta da shi, watau ɓoye aibu. Da zarar an zuba kankare ya bushe, ba mai iya gane rodi nawa ke ciki, ko kaurinsu ya kai, ko an ɗaure su inda ya kamata. Ba mai iya gane ko an tsaya a kan awon da aka saba, watau siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, ko kuwa an tatsi buhu ɗaya ya yi aikin buhu biyu. Kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa kamar kwana 7, ba ya kuma kai ƙarfin da a ke lissafa masa sai ya kwana 28. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda rana ke ƙuna a watan Maris da Afrilu, hunturu kuma ke busar da kome, dekin da ba a shayar ba ya kan yi kyau a ido, alhali cikinsa ya yi rauni.

Ƙasar kanta ma ba iri ɗaya ba ce. Gulaben Bunsuru da Gagare da na Maraɗi duk a wannan yanki su ke haɗa ruwansu da Rima, sabo da haka akwai fadama mai laka, akwai tudu mai rairayi. Laka ta kan kumbura da damina, ta tsuke ta tsage da rani, ta riƙa ɗaga harsashi tana saukewa har bango ya buɗe. Harsashin da ya isa a tudu ba lalle ya isa a fadama ba. Ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta ci ƙauyuka a bakin Rima har ta yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da yawanmu mun gani, mun kuma san abin da ruwa ke yi wa gidan da ba a ɗaga dandamalinsa ba.

Ga kuma wata masifa da ta ƙara tsananta al'amarin. A shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Sabon Birni da Isa, kamar harin watan Mayu na 2020 da ya ci rayuka fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Waɗansu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, waɗansu suka taru a manyan garuruwa. Mutumin da aka kora daga gidan ubansa ba shi da sukunin zaɓen fili, ko a bakin kwari ne zai gina, da gaggawa, da abin da ya samu. Hanya kuma ta zama abin tsoro, masanin gini da ke Sakkwato sai ya yi tunani biyu kafin ya kamo ta.

Aikin Injiniya Da Ladansa

To, mene ne aikin injiniya a ƙaramin gida? Mai zanen gida shi ke tsara ɗakuna da ƙofofi da tagogi. Birkila da kafinta su ke aiki da hannu. Injiniya kuwa shi ke lissafin nauyi. Ya duba ƙasa ya faɗi zurfin harsashi da faɗinsa, ya faɗi kaurin fila da yawan rodi, ya faɗi ko wannan bango zai ɗauki dekin, ya faɗi yadda za a ɗaure rufi kada iskar farkon damina ta ɗage shi.

Doka ta san da wannan sana'a. An kafa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya a 1958. A 1970 Gwamnati ta kafa majalisar rajistar injiniyoyi, wadda a ke kira COREN, ita ke da ikon shaida wane ne injiniya, ita ke ba da hatimi, ita ke kuma hukunta wanda ya ci amanar sana'a. Masu zanen gidaje suna da tasu majalisa, ARCON, tun 1969, magina masu takardar ilmi kuma suna da CORBON tun 1989.

Wajen lada, a 1996 Gwamnatin Tarayya ta fid da jadawalin abin da za ta riƙa biyan masana a ayyukanta na gini. A cikinsa, shugaban masana, wanda galibi mai zane ne, yana da kashi 4.75 cikin 100 na naira miliyan 5 na farkon kuɗin gini, injiniya mai lissafin nauyi kuwa kashi 3 cikin 100, sa'an nan kason ya riƙa raguwa yayin da kuɗin ginin ke ƙaruwa. Kashi 3 cikin 100 na miliyan 5 shi ne naira 150,000. A 1996 wannan kuɗi ne mai kauri. Amma a 2024 buhun siminti ɗaya ya kai naira 10,000 a wurare da yawa, watau ladan nan duka bai wuce kuɗin buhu 15 ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Wahalar ƙaramin aiki ba ta raguwa daidai da ƙanƙantar kuɗinsa. Ko ɗaki uku ne, dole injiniya ya zo ya ga fili, ya haƙa ya ga ƙasa, ya zauna ya yi lissafi, ya zana, sa'an nan ya komo ya duba rodi kafin a zuba kankare. In daga Sakkwato zai taso zuwa Isa ko Sabon Birni, ko wace zuwa yini guda ce, ga kuɗin mota, ga hatsarin hanya. Alhakin da ke wuyansa kuma bai ragu ba, gama dekin ƙaramin ɗaki in ya rufto a kan yara, ba ya tambaya nawa aka biya. Shi ya sa injiniyoyi da yawa, nan da ƙasashen waje, su kan yanka wani kuɗi su ce ba su yin aiki ƙasa da shi, ko su ƙi ƙananan ayyuka gaba ɗaya. Mai gida kuwa da ya ji kuɗin sai ya ce, a kan 'yar takarda? Ya juya wajen birkila, birkila ya ce, "Alhaji, bar wannan a hannuna, irinsa nawa na yi."

Daga nan sai wata mummunar ɗabi'a ta kunno kai, watau sayar da hatimi. A kwafo zanen wani gida da aka yi a wani gari, a kai wa mai hatimi ya buga a kan 'yan kuɗi kaɗan, bai ga fili ba, bai san laka ce ko rairayi ba. Mai gida ya yi murna ya sami araha, mai hatimi ya yi murna ya sami na cefane. Dukansu biyu sun manta cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Hatimi shaida ce cewa mai shi ya ɗauki nauyin lissafin da ke cikin takardar.

Yadda Inshorar Ta Ke Aiki

Bari mu kwatanta. A ce injiniya ya yi kuskure ya rubuta rodi siriri inda ya kamata a sa mai kauri, magini ya bi takarda sau da ƙafa, bayan shekara biyu dekin ya lotsa. Mai gida ya kai ƙara, alƙali ya ce injiniya ya biya. In injiniyan nan ba shi da kome sai babur da albashi, hukuncin ya zama takarda kawai, mai gida ya ci shari'a amma bai sami gida ba. In kuwa yana da inshorar lamunin sana'a, kamfanin zai biya diyyar har iyakar adadin da aka rubuta, ya kuma ɗauki kuɗin lauya. Ashe ke nan, ko da ya ke injiniya ne ke biyan kuɗin inshorar ko wace shekara, mai gida ne ke cin moriyarta.

Amma akwai sharuɗɗa da ya kamata a sani. Na ɗaya, kuskure da sakaci kaɗai ta ke ɗauka, ba ta ɗaukar ha'inci da gangan. Na biyu, tana da iyaka, abin da ya haura adadin da aka rubuta yana wuyan injiniya, kuma galibi akwai wani ɗan kaso na farko da shi zai biya daga aljihunsa. Na uku, galibi a kan duba ko inshorar tana da rai ran da aka kawo ƙara, ba ran da aka yi aikin kaɗai ba. Sabo da haka injiniyan da ya zana gida bana, ya daina biya baɗi, in bango ya tsage shekara ta uku, babu mai tsaya masa. Na huɗu, aikin injiniya kaɗai ta ke rufewa. In magini ya saci siminti, ko mai gida ya ƙara bene a kan harsashin da aka lissafa wa gidan ƙasa, ko gobara ta tashi, ko gulbi ya yi ambaliyar da ta fi ƙarfin kowa, wannan wata magana ce dabam, da irin tata inshora.

Kamfani kan yanka kuɗin shekara bisa yawan aikin da injiniya ke yi, da irin aikin, da ko an taɓa kai shi ƙara. Injiniya kuma ba shi da wata rijiya da zai ɗebo wannan kuɗi sai ladan da ya ke karɓa. Sabo da haka in ka ga masu hatimi biyu, ɗaya ya faɗi kuɗi mai yawa, ɗaya kaɗan, kada ka yi saurin cewa na farkon ya cika tsada. Mai yiwuwa cikin kuɗinsa akwai zuwa fili sau huɗu, akwai lamuni, na biyun kuwa tawada kaɗai ya sayar maka. Araha ba ta ado.

Abin Da Dokoki Suka Ce

Ɗora wa magini alhakin gininsa tsohon abu ne. Wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Hamurabi na Babila ya sa a dokokinsa cewa maginin da gininsa ya faɗi ya kashe mai gida, shi ma a kashe shi, in dukiya ce ta ɓaci ya biya, ya kuma sake ginin da kuɗinsa. A Faransa, kundin dokokin 1804 ya ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin ƙarfin gini har shekara 10, a 1978 kuma aka tilasta musu yin inshora a kan wannan alhaki, har mai gina ƙaramin gida. Maƙwabtanmu na Nijar, da ke tsallaken iyaka kaɗan daga Sabon Birni, tushen dokokinsu na zaman jama'a daga Faransa suka gada.

A Nijeriya, sashi na 64 na Dokar Inshora ta 2003 ya hana kowa tayar da gini mai hawa fiye da 2 sai ya yi inshora a kan cutar da sakacinsa, ko na ma'aikatansa, ko na masanan da ya ɗauka, zai jawo wa lebura ko mai wucewa. Wanda ya ƙi, tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara 3. A watan Agusta na 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin wannan, ta riƙe wajabcin inshorar gini mai hawa, ta kuma ƙara nauyin tara. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke lura da kamfanonin. Amma gidan ƙasa marar bene, irin wanda ya fi yawa a Gatawa da Turba da Unguwar Lalle da Bafarawa, wannan wajabci bai kai gare shi ba. Mai irin wannan gida ba shi da mai tsaron dukiyarsa sai hankalinsa.

Ko inda doka ta kai ma, ba kullum a ke bin ta ba. Ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Ikko, mutum fiye da 40 suka rasu. Daga baya aka ji cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara lura da aikin ya rubuta takarda ya janye hannunsa tun 2020. A ƙarshen watan Agusta na 2022 wani bene da a ke kan ginawa ya rushe a titin Beirut cikin Kano. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina Matsayin Shari'a?

Mun sani mutanenmu da yawa suna ƙyamar inshora, malamai kuwa sun daɗe suna nuna abin da ke cikinta na riba da rashin tabbas. Amma lamunin mai sana'a kansa ba baƙo ba ne a mazhabar Malikiyya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan malamanmu, ya ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da suka tafi da su inda mai kaya ba ya gani. Wanda kuwa ke aiki a gidan mai aiki, malamai sun ce yana lamuni in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ashe tun da can an san ba a barin asarar sakaci a kan wanda bai yi sakacin ba.

Wajen hanyar biya kuma akwai takaful, watau inshora bisa tsarin taimakon juna, inda kowa ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, in asara ta sami ɗaya a biya daga ciki, a kuma guje wa riba wajen juya kuɗin. Kamfani na farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979. A Nijeriya NAICOM ta fid da ƙa'idodin takaful a 2013, Noor Takaful da Jaiz Takaful su ne na farko da aka ba izni. Wanda ya san gayya, ya san adashi, ba zai sha wuyar gane takaful ba.

Shawararmu

Ga masu gida, muna ba da shawara kamar haka. In ɗakin ƙasa ne ko na bulo da kwano a kan tudu mai ƙarfi, gwanin magini da aka sani ya isa. Amma in za a zuba dekin, ko a hau bene, ko a buɗe zaure mai faɗi ba fila, ko a yi gini a fadama, to, a nemi injiniya, a tambaye shi lambar rajistarsa ta COREN, a kuma tambaye shi ko yana da inshora, ta nawa, yaushe za ta ƙare. Wannan ba cin fuska ba ne, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ne, da boko ko da ajami, gaban shaidu, a faɗi abin da zai yi da abin da ba zai yi ba. A raba ladansa kashi kashi, wani bayan zane, wani bayan ya duba harsashi, wani bayan ya duba rodin dekin kafin a zuba, na ƙarshe bayan rufi. Wajen ɗan kwangila kuma a yi koyi da manyan ayyuka, inda a kan riƙe kamar kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa har a ga lafiyar gini. A ƙasarmu a riƙe har damina ɗaya ta wuce, gama ita ce alƙalin gini. In kuma an so a sake wani abu a zane, a komo wa injiniya ya rubuta, kada a yi da ka.

Ga injiniyoyi, muna roƙo su sauko wajen talaka. In mutum biyar masu gini a gari ɗaya suka haɗa kai, zuwa ɗaya ta ishe su, kuɗin hanya ya rabu biyar. Hoton waya yana taimako in hanya ba lafiya, a nuna rodi a gefen awo kafin a zuba, amma ba ya maye gurbin ganin ƙasa da ido. Reshen ƙungiyarsu na Sakkwato kuma yana iya neman inshora ɗaya ta tarayya ga membobinsa masu ƙananan ayyuka, domin abin da ya yi wa mutum ɗaya nauyi, jama'a za su ɗauka da sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga hukuma, ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni suna da sashen ayyuka. In aka ba injiniyoyin da ke wurin ikon duba ginin jama'a a kan ɗan kuɗi sananne da rasit, aka kuma shirya zanen gida iri uku ko huɗu, na tudu dabam, na fadama dabam, wanda kowa zai karɓa da arha, da an toshe kasuwar masu sayar da hatimi. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, suna yaye samari masu ilmin gini, cikinsu akwai 'ya'yan wannan yanki da ba su bukatar a biya su kuɗin mota daga nesa. Hakimai da masu unguwanni kuma su taya da hana gini a hanyar ruwa, musamman wajen ba baƙin da aka koro daga ƙauyuka fili.

Jama'a, mutum ya kan yi ciniki yini guda a kan ɗan maraƙi, ya duba haƙora, ya duba ƙafafu, ya nemi dillali ya tsaya masa. Ina dalilin da zai zuba dukiyar rayuwarsa a gidan da iyalinsa za su kwana ƙarƙashinsa, bai nemi wanda zai tsaya masa ba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da niyyar tayar da gini rani mai zuwa, yanzu ne lokacin da zai ware kuɗin buhu 15 ko 20 na siminti ya ce wannan na mai lissafi ne. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kuma kawo zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.